Yaya Dije da Nonon da Na Sa Aka Zubar

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar Yaya Dije. Da damina ta tafi, gero ya fara fidda kai, wata Talata da hantsi, a ɗakinta na Tamawa. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. Abin da aka taras a ɗakin bai wuce tabarma da buta da reza ƙunshe cikin tsumma ba. Ni ce ƙanwarta, uba ɗaya muke, kuma ba wanda ya ba ta wahala a duniya kamata. Shi ya sa na ce sai na rubuta wannan da hannuna. Karatun nan da girma na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci, bayan haƙorana sun fara zuba. Wanda ya ga maganata ba ado ya yi haƙuri, yadda nake faɗi haka nake rubutawa.

Uwar Yaya Dije Bafulatana ce. Da aurensu da Baba ya mutu sai ta tafi da ita ruga can bayan Tamawa, cikin shanu ta tashi har ta isa aure. Ni a gari na tashi, aka kai ni aure wani ƙauye a ƙasar Dabawa, inda daga baya ruwan dam ɗin Zobe ya zo ya kwanta kusa da mu. Ita ta zama ungozoma. Ba wanda ya naɗa ta. Haihuwa ɗaya ta karɓa bisa larura, ta biyu aka aiko kiranta, shi ke nan. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya, in ta yi magana kuma ba ta zagaye. Mutane na cewa ni ce mai baki a gidanmu. Ba su zauna da ita ba ne.

Abu ɗaya ya raba ta da sauran ungozomomi, shi ne dakashi. Don 'yan yau da ba su san sunan ba, nonon farko ke nan da ke zuwa wa mace bayan haihuwa, mai kauri, rawaya-rawaya. Mu a wurinmu dauɗa ce. Tatse shi ake a zubar a rami bayan ɗaki, jariri ya yi kwana uku bai kama nono ba, ana ɗura mashi ruwa ko nonon akuya. In haihuwar fari ce kuma sai an gwada nonon tukuna. A tatsa a ludayi, a kamo tururuwa a jefa. In ta fita da ƙafarta, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, an ce nonon mugu ne, sai an wanke shi da sassaƙe kafin yaro ya sha. Haka muka taras, haka aka yi wa uwata, haka aka yi mani, ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Yaya Dije kaɗai ke tambaya. Cewa take a ruga in saniya ta haihu, ba mai hankalin da zai hana ɗan maraƙi nonon farko, don kowane makiyayi ya san wanda bai samu ba zawo ke kashe shi kafin ya yi ƙwari. Takan ce, “Ɗan saniya kun ba shi, ɗan mutum kun hana shi, wai ku ne 'yan gari masu wayo.” Mu kuma mu bushe da dariya, mu ce Dije ta maida mu shanu.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, matar ɗana Sule ta haihu. Rabi sunanta. Marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana goye, don haka ba gidan da za ta je goyon ciki, a hannuna ta haihu. Tun ranar da aka kawo ta Inna take ce mani, kuma har ga Allah ina sonta. Ban aika wa Yaya Dije ba, don na san abin da za ta zo ta yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu na kira ta yanke cibi. Namiji ne, jajir da shi, ga gashi. Aka yi mashi huɗuba da sunan marigayi maigidana, ni kuma nake ce mashi Angona.

Washegari da safe na yi gwajin, a tsakar gida, mata sun cika. Na jefa tururuwar. Ta yi ta mutsu-mutsu, ta kasa ɗaga ƙafa, ta tsaya cak. Na ɗaga ludayin na zaga da shi kowa ta gani, na ce, “To kun dai gani da idonku. Nonon nan mugu ne.” Rabi na zaune a ƙofar ɗaki, ƙirjinta ya cika har ya jiƙe mata zane, ta sunkuyar da kai hawaye na zuba. Na ce ta yi haƙuri, sati biyu za a yi ana wanki sannan a sake gwadawa. Safe da yamma ina tsaye a kanta tana tatsewa a rami. Yaron kuma na riƙa ɗura mashi nonon akuyata, ina sirkawa da ruwa don kar ya yi mashi nauyi. Ruwan bakin dam ne, wanda duk gidan muke sha. Nakan tace shi da mayafi mai tsabta, ya fito garau. Ban ga laifinsa ba.

Ranar suna Yaya Dije ta zo. Tun kafin ta zauna ta hangi ƙoƙon ɗura a gefen gado. Ta ɗauka ta sansana, ta juyo ta kalle ni.

“Kulu, wa ya haifi yaron nan, Rabi ko akuya?”

Na ce, “Yaya, nononta bai ci gwaji ba.”

“Kawo ludayin. Bari in tatso na akuyar taki in jefa tururuwar, mu ga in ita za ta fita. Ke kanki in aka tsoma ki cikin kunu mai kauri ai ba fita za ki yi ba.”

Mata suka kwashe da dariya. Na daɗe ina tunanin dariyar nan. Da mu biyu ne a ɗaki, wataƙila da na ji maganarta. Amma an yi mani dariya a gidana, ranar sunan jikana, a gaban surukata. Sai na ce mata nan gida ne ba ruga ba, kuma macen da ba ta taɓa sanin zafin naƙuda ba ba za ta koya mani rainon ɗa ba. Haka na faɗa wa yayata, wadda ta yi aure uku tana neman haihuwa Allah bai ba ta ba. Ta miƙe ta sa takalminta, ko ruwa ba ta sha ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, “In ya fara zawo ki maida shi ƙirjin uwarsa. Ki ji tsoron Allah, Kulu.”

Kwana huɗu tsakani zawon ya fara. Da farko ruwa-ruwa, na ce dauɗar ciki ce ke fita. Sai ya koma da majina, sai da jini. Maɗigarsa ta faɗa, na kwaɓa magani na shafa mashi a ka. Idanunsa suka zurma, kukan ma ya daina fita sosai. Wata rana da azahar na dawo daga garka na taras da Rabi a bayan ƙyaure, ta sa shi a nono a ɓoye, shi kuma ya kama yana ja da ɗan ƙarfin da ya rage mashi. Na fizge shi daga hannunta. Na ce, “So kike ki ƙarasa shi?” Ba ta sake gwadawa ba. Lokacin da Sule ya samo motar da za ta kai mu Dutsin-Ma, ko titi ba mu hau ba ya cika a cinyata. Kwanansa goma sha tara a duniya.

Ga inda laifina ya fi muni. Da mata suka zo gaisuwa suna tambayar abin da ya same shi, sai na ce, “Ai satar ba shi nonon ta yi.” Sau ɗaya na faɗa, amma a ƙauye sau ɗaya ya isa. Rabi na cikin ɗaki tana ji. Daga ranar ta zama mai mugun nono wadda ta kashe ɗanta da hannunta. In ta je barka ba a miƙa mata jariri. Ita ma ta yarda da haka, ba ta taɓa musu ba.

Yaya Dije ta zo gaisuwa, ta ce Allah ya sa mai ceto ne, ta koma. Bayan shekara biyu Rabi ta sake samun ciki. Yana shiga wata takwas sai ga Yaya Dije ba aike ba sanarwa. Ba ta ko kalle ni ba, Sule ta kira ta ce, “Haɗa wa matarka kaya, a wurina za ta haihu.” Sule bai iya ja da gwaggonsa ba. A Tamawa aka haifi Hindatu. An ce Rabi kuka ta riƙa yi tana ture jaririyar don tsoro, Yaya Dije ta riƙe mata hannuwa ta ɗora yarinyar a ƙirjinta tun kafin a share ɗakin. Da suka dawo bayan arba'in yarinyar ta yi ɓul-ɓul, wuya duk ninki. Ni kuma, don kar a ce na yi kuskure, sai na ce ai sassaƙena ne ya wanke nonon, kuma dama nonon haihuwar fari ne ke zuwa da dafi a wasu dangin. Yaya Dije ta sha gaya wa Rabi ba ita ta kashe yaron ba. Rabi ta ɗauka lallashi ne irin na manya. Maganata ta riƙe, don ni ce na nuna mata ludayi ta gani da idonta.

Muka ci gaba da zumunci da Yaya, biki da mutuwa muna haɗuwa, amma abin na nan tsakaninmu. Ba ta taɓa tona ni a gaban mutane ba. Zuwana na ƙarshe wurinta, tana kwance jiki ya ƙi, na kai mata fura. Ta kurɓa kaɗan ta ajiye, ta ce, “Kulu, sai yaushe za ki sauke wa yarinyar nan kayan da kika aza mata?” Na ce wane kaya? Sai ta juya fuskarta bango. Kwana tara bayan nan aka aiko mani ta rasu.

Bayan rasuwarta da shekara biyar zama ya gagara a ƙauyenmu saboda 'yan bindiga, muka tattaro muka dawo cikin garin Dutsin-Ma. A nan na shiga ajin karatu don zaman banza ya ishe ni. Wata rana malamarmu ta gayyato wata malamar asibiti ta yi mamu bayani a kan zawon yara. Yarinya ce sa'ar jikata, amma ta iya magana.

Ta ce cikin ruwa da abinci akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, mayafi kuma ba ya tace su. Su ke kawo zawo da atini da amai da gudawa. Ta ce duk sanda irin ƙwayar nan ta shiga cikin mutum ya yi fama da ita ya tashi, jikinsa na ƙera wani abu da ke gane ta, kamar mai gadin da ya taɓa kama ɓarawo ya riƙe fuskarsa. In ta sake dawowa sai a tare ta tun kafin ta yi ɓarna mai yawa. Shi ne garkuwar jiki. Babba da ya shekara talatin yana shan ruwan wuri ɗaya ya tara irin masu gadin nan da yawa, shi ya sa ruwan da ba ya kada uwa sai ya kada jariri. Hanjin jariri sabo ne fil, bai san kowa ba. To sai Allah ya sa garkuwar uwa ke gangarowa cikin nononta, kuma inda ta fi yawa shi ne cikin dakashi. In yaro ya sha sai ta shafe mashi hanji, ta riƙa kama ƙwayoyin tana hana su maƙalewa. Ta ce abin mamakin ma, garkuwar da ke nonon kowace uwa ta cututtukan inda take zaune ce, na ruwan da take sha da ƙasar da take takawa. A ƙarƙashin wannan rufin yaro ke haɗuwa da cutar kaɗan-kaɗan har ya ƙera tasa garkuwar.

Na ɗaga hannu. Na ce, “Malama, in jariri na zawo aka ba shi nonon uwa, yana ƙara mashi ciwon?”

Ta ce, “A'a Hajiya, lokacin ne ma ya fi bukatarsa.”

“In kuma tun farko nonon akuya aka ba shi da ruwan dam?”

Ta tsaya ta kalle ni. “Wa aka yi wa haka?”

Na ce wani yaro ne, can da.

Aka tashi aji kowa ya watse, ni ina nan zaune, sai da mai shara ta zo ta ce za ta rufe. Amma kar in yi wa kaina ado. Ba ranar na sani ba. Tun ranar da na ga wuyan Hindatu na sani. Malamar asibiti suna kawai ta ba abin. Kuma bayan na ji sunan ma sai na sake yin shekara shida bakina rufe, kullum Rabi na aiko mani da tuwo.

Nakan zauna in ce da Yaya Dije za ta leƙo yau, me za ta ce? Na san za ta yi 'yar dariyar nan tata ta hanci in ta ji ana shela a rediyo a ba jariri nonon farko, maganar da aka yi ta yi mata ba'a a kai har ta mutu. Ba kuma duka za ta yarda ba, in faɗi gaskiya. Ita ma takan lasa wa jariri man shanu, kuma da an ce mata ko ruwa kar a ba yaro sai ya wata shida, da sai an kai ruwa rana da ita. Ba waliyiya ba ce, abin da ta gani a garke ta riƙe, kuma ya fi namu.

Amma abin da zai ɓata mata rai ya fi yawa. Rugar da ta tashi ba kowa, ko turke babu. Mutanen ƙauyuka sun cunkushe cikin gari, gida ɗaya iyali huɗu, masai ɗaya, ruwa sai na 'yan garuwa wanda ba ka san inda aka ɗebo shi ba. Damina na sauka amai da gudawa ke bin unguwa. Tururuwa ta ragu, amma fida ta maye gurbinta. Za ka ga yarinya da nononta cike tana kaɗa madarar gwangwani da ruwan jarka, wai ita ta waye, fidar kuma ƙuda na bi. Wata kuma ba wayewa ba ce, yunwa ce, tana ganin tunda ba ta ƙoshi ba nononta ba shi da amfani, alhali ita ya kamata a ciyar, ba gwangwani za a saya ba. Har yau mace na samun ciki a fizge yaro daga nono rana ɗaya a kai shi yaye gidan kaka, inda ruwan ma wani ne daban, in zawo ya kama shi a ce haƙori ne. Haƙorin nan ya ci yara a ƙasar nan fiye da yadda zan iya tunawa.

Akwai kuma tsofaffi 'yan'uwana masu cewa, mu da muka sha ruwan tafki da na gulbi me ya same mu, ga mu garau. E, ga ku garau. Ku da kuka rage ke magana. Mu tara uwata ta haifa, mu huɗu muka yi wayo. Garkuwar da kuke taƙama da ita gaskiya ce, akwai ta, amma ku je bayan gari ku ga ƙananan kaburbura ku san da me aka same ta. Wanda ke son ɗansa ya tafasa ruwa, ya kai shi rigakafi, in zawo ya zo a ba shi ruwan gishiri da sukari a ci gaba da nono, in an ga jini ko ido ya zurma a ruga asibiti tun rana na sama. Ni da ke faɗin haka ba ko ɗaya da na yi.

Bana Hindatu ta samu cikin fari. A Kurfi take aure, ta zo goyon ciki wurin uwarta. Wata rana da hantsi na je dubiya, ina shiga na ga akuya mai shayarwa ɗaure a gindin darbejiya, alhali su ba sa kiwo. A kan taga ga sabon ludayi, ga fida cikin leda. Rabi na zaune tana tankaɗe. Na ce wannan fa? Ta rage murya don kar Hindatu ta ji, ta ce, “Inna, gadon nan nake tsoro. Haihuwar fari ce. A wurin awo sun cika mata kunne wai ta ba shi da an haife shi, amma su ba su san irinmu ba. Ba zan bari ta yi abin da na yi ba. Ke ma za ki zo ki gwada mamu, hannunki ya saba.”

Na zauna a kan turmi. Ƙaryar da na yi don in kare fuskata ta girma ta yi jika, ga ta tana jiran wani jaririn.

Na ce, “Rabi, ajiye rariyar nan.” Ta ajiye. Na ce, “Nononki lafiyarsa lau, tun farko. Kowane dakashi ka jefa wa tururuwa sai ta maƙale. Ruwan dam da na ɗura mashi shi ya sa mashi zawo. Ranar da kika sa shi a nono a bayan ƙyaure, magani kike ba shi, ni na fizge. Ba ke kika kashe shi ba. In akwai mai laifi bayan ƙaddara, ni ce.”

Ba ta yi kuka ba. Ta kalli garin da ke hannunta. Sannan ta ce, “Tun yaushe kika sani?”

Na so in ce shekara shida. Na ce, “Tun Hindatu na goye.”

“Shekara ashirin da shida in zan yi wanka ba na son kallon ƙirjina,” in ji ta. “Duk azumin nafilar da kika ga ina yi, na neman gafarar yaron nan ne.” Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Na ce ta yafe mani. Ta ce, “Ba a ɗaki kika faɗa ba. A gaban mata kika faɗa, a gaban mata za ki janye.”

Sati uku bayan nan Hindatu ta sauka, mace. Rabi da kanta ta ɗora mata ita a ƙirji. Akuyar an maida ta inda aka aro ta. Ranar suna, bayan an ci an sha tsakar gida ta cika, dangin miji daga Kurfi, mutanen ƙauyenmu na da da ke zaune a gari, na dogara sandata na miƙe na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Wasu suka sunkuyar da kai, don da yawansu sun riƙe ludayin nan a gidajensu. Wata tsohuwa sa'ata ta ce, “Haba Kulu, kwanansa ne ya ƙare, me na tone-tone ranar farin ciki?” Na ce kwanansa ya ƙare, wannan na Allah ne, amma sharrin da na yi wa uwarsa nawa ne, ba wanda ya rubuta mani shi. Na kuma ce duk wadda ta taɓa yi wa Dije dariya a kan dakashi ta yi mata addu'a yau, ni ce ta farko.

Rabi ta ci gaba da sallamar baƙi. Har yau ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sake roƙo ba, don ba ni da bakin matsa mata. Tuwo bai daina zuwa ba. Amma tun ranar ba ta sake ce mani Inna ba. Hajiya take cewa, kamar yadda ake ce wa baƙuwa a mota. Na karɓa. Cikin matan da suka ji ƙaryata ta farko wasu sun mutu, wasu kuma suna garuruwan da ban sani ba, shi ya sa na kawo ta jarida, ko wani zai karanta masu.

In aka ce me ya rage na Yaya Dije, ba zan iya nuna kabarinta ba, ɗakinta ma ya rushe. Amma daga Tamawa har cikin Kurfi akwai magidanta masu gemu da mata masu 'ya'ya da ba su san cewa da hannunta aka fara sa su a nono ba, ranar da kakanninsu ke tsaye da ƙoƙo suna zaginta. Ba su san sunanta ba, ita ma ba ta nema ba. Ta san gaskiya ba ta da takardar nunawa, aka ci mata mutunci a kai, ba ta fasa ba, ba ta kuma rama ba. Abu ɗaya ta roƙe ni a duniya, ban cika shi ba sai shekara goma sha ɗaya bayan an rufe ta.

Allah ya jiƙanki Yaya, ya yalwata maki makwanci, ya haɗa ki da yaran da kika karɓa waɗanda suka riga mu. Jaririyar Hindatu ta yi arba'in jiya. Nono kaɗai take sha. Da aka kwance mata tsumma na matsa na duba kashinta da idona, lafiya lau yake.